Jirgin ƙasan haidirojin na Jamus: tafiya da daɗi, amma ina ake samo iskar?

Duk wanda ke arewacin Jamus kuma yake son ganin haidirojin ɗin da ake ta zuzutawa yana aiki, ya hau jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Cuxhaven, Bremerhaven, Bremervörde da Buxtehude. Shuɗi ne, ƙirar kamfanin Alstom, sunansa Coradia iLint. An fara ɗaukar fasinja da shi a 2018, sannan a 2022 aka fara zuba guda 14 da jihar Lower Saxony ta saya don su karɓi aikin masu shan dizal.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin ƙara. Idan ya tashi daga tasha babu gurnani, babu karkarwar kujera, har hirar na bayanka kana ji. Tankunan iskar a rufi suke, can ake sarrafa ta ta zama lantarki, abin da ke fita tururi ne da ruwa kawai. Ka tsaya kusa da shi da sanyin safiya, ko ɗan warin hayaƙi ba za ka shaƙa ba. Cikon tanki ɗaya yana kai shi kusan kilomita 1,000. Ciki dai jirgin karkara ne, babu wani alatu, kuma da Deutschlandticket ɗina, wato tikitin wata-wata na jiragen kusa da motocin bas a duk Jamus, na shiga ban ƙara ko sisi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne asalin iskar. Gidan cika tankin da kamfanin iskar gas na Linde ya gina a Bremervörde ya fara ne da rarar haidirojin daga masana'antar sinadarai, ba wanda aka ciro daga ruwa da wutar rana ko ta iska ba. Jamus ta fitar da tsarinta na haidirojin a 2020, ta sabunta shi a 2023 da burin kafa na'urorin ciro haidirojin daga ruwa masu ƙarfin gigawat 10 zuwa 2030, amma ita kanta ta amsa cewa kaso mafi tsoka daga waje zai zo. Shi ya sa take zawarcin Namibiya da Masar, har ofishin haidirojin ta buɗe a Abuja, mu da ko wutar gida ba ta ishe mu ba.

A 2023 hukumar sufurin jihar ta ce jiragen batir za ta saya wa sauran layukanta, don sun fi arha. Ban ga laifinta ba. A ganina ɗan tsaftataccen haidirojin da za a samu, masana'antun ƙarfe da na takin zamani sun fi jirgin ƙasa buƙatarsa.