VisualVM ya fitar da ni kunya a kan firosesan da na rubuta wa NiFi

Jama'a barkanmu da war haka. Duk mai rubuta firosesa na kansa (wato ɗan sashen da ke sarrafa kowane fayil in ya iso gare shi) a Apache NiFi, manhajar tura bayanai daga wani wuri zuwa wani, don Allah ya sauke VisualVM, manhajar da ke nuna yadda shirin Java ke cin lokaci da memori, ya ajiye kusa, kyauta ne ko sisi ba za ka biya ba.

Ni a wani ƙaramin kamfani nake aiki a Yaba, a Legas, muna tattara bayanan cinikin masu POS, da yawansu 'yan uwanmu ne na Agege da Mile 12. Na rubuta firosesa da Java mai gyara bayanan kafin su shiga rumbu, na gwada shi da TestRunner, abin gwajin firosesa na NiFi, komai lafiya lau, amma fa fayil 'yan ƙalilan na ba shi. Da ƙarshen wata ya zo ciniki ya yi yawa sai layin fayilolin da ke jira a gabansa ya cika ya koma ja kamar goslo ɗin Oshodi da yamma, don shi NiFi in ba ka taɓa saitin ba, da zarar layi ya kai fayil 10,000 ko 1 GB sai ya taka wa na baya birki. Oga ya leƙo ya ce "Malam, a duba mana abin nan yau, mutane na jiran lissafinsu." Wallahi raina ya ɓaci, don kuɗin mutane ne.

Na koma sabar gwaji na sa GenerateFlowFile, firosesan NiFi mai ƙirƙirar fayilolin gwaji, ya riƙa zubo fayiloli ba ƙaƙƙautawa masu kama da na gaske, sannan na jona VisualVM ta JMX, hanyar leƙa cikin shirin Java daga nesa, na buɗe Sampler, sashen da ke nuna abin da ya fi cin lokaci, na danna CPU. Ko shayina bai huce ba na ga inda gizo ke saƙar. Ashe a cikin onTrigger, wato ɓangaren firosesa da ke gudana a kai a kai yana sarrafa fayiloli, nake ƙirƙirar sabon ObjectMapper, abin karanta bayanan fayil, ga kowane fayil, shi ne zaune a saman jeri yana cinye lokaci. Na mayar da shi ƙarƙashin @OnScheduled ya zama sau ɗaya ake gina shi in firosesa ya tashi.

Amma abin da ya fi burge ni zanen memori ne. Kana kallo yana hawa yana faɗowa kamar haƙoran zarto, nawa kuwa hawa yake ya kusa taɓo rufi sannan mai share shara na Java, wato mai kwashe abin da aka gama amfani da shi a memori, ya taso ya tsayar da komai, saboda ina loda fayil gaba ɗayansa cikin memori maimakon in riƙa karanta shi kaɗan-kaɗan yana wucewa. Da farko har na yi niyyar ƙara memori kawai a bootstrap.conf, fayil ɗin saitin NiFi, da na yi haka da na rufe ciwo ne da bandeji. Da na gyara karatun sai layin ya fara zubewa a gaban idona har jan ya ɓace.

Inda zan rage masa maki, fuskarsa ta tsufa, kuma sashen Profiler, mai awo dalla-dalla, ba ya aiki da sabar da ke nesa sai Sampler kaɗai, ga shi JMX sai ka buɗe masa ƙofofi a fayawol, wato katangar tsaron sabar. Tun daga JDK 9, wato fitowar Java ta tara, kuma VisualVM ba ya zuwa tare da Java, sai ka sauke shi daban. Duk da haka na ba shi huɗu cikin biyar, kuma na riga na sa wa yaran ofis biyu da ke koyon aiki a wajena shi a laftof ɗinsu.