Sharhi kan hidimar ɗaukar hoton fatar tsutsar saiwa da madubin lantarki

Na yi amfani da hidimar wani ɗakin bincike da ke ɗaukar hoto da madubin lantarki mai duba saman abu, wanda masana ke kira SEM, domin in ga fatar tsutsotsin nematod na jinsin Meloidogyne, masu haddasa ƙulli a saiwar tumatir. Madubin haske na yau da kullum yana nuna tsutsar da allurar bakinta, amma zanen fatarta a dushe yake fitowa, alhali kuwa wannan zanen na cikin abubuwan da ake bambance nau'i da nau'i da su.

Hotunan sun gamsar da ni ƙwarai. 'Yar tsutsar da ke mataki na biyu na girmanta, wadda tsawonta bai kai rabin milimita ba, ta fito da zobban fatarta jere daga kai har wutsiya, kuma layuka huɗu da ke bin gefen jikinta sun bayyana sarai. Wanda ya fi burge ni shi ne zanen da ke kewaye da mafitar ƙwan ta mace, mai kama da na ɗan yatsa: a nau'in Meloidogyne javanica layuka biyu na gefe sun raba zanen a fili, a nau'in Meloidogyne incognita kuwa ɓangaren sama ya yi tozo mai tsayi.

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen shirya samfuri. Kafin tsutsa ta shiga na'urar sai an kafe jikinta da sinadarin gulutaraldehaid, an janye ruwanta da alkohol mataki-mataki, an busar da ita, sannan a lulluɓe ta da zinare siriri. Wasu daga cikin nawa sun yamutse wajen busarwa, har lanƙwasar ta yi kama da zanen asali, kuma ma'aikatan ba su ja hankalina a kai ba.

Ya kamata mai neman hidimar ya sani cewa sama kawai wannan na'ura ke gani. Fatar nematod, wadda akasarinta furotin ne na kolajin, hawa-hawa take, kuma tsutsar na saɓe ta sau huɗu kafin ta balaga. Wanda ke son ganin waɗannan hawa sai ya nemi madubin lantarki mai duba cikin abu, wato TEM, inda ake yanka tsutsar siriri ƙwarai. Amma ga mai son tantance nau'i ta siffar waje, ina ba da shawarar hidimar, muddin ya tura samfuri da yawa ya kuma nemi bayanin yadda za a busar da su.