Gargaɗi: Kada Ku Biya Kuɗin Aksul Ɗin Da Ba A Buɗe Shi A Gabanku Ba

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu tsofaffin manyan motoci ne, musamman masu Mercedes 608 da danginta, da kanikawan da ke yi musu aiki. Akwai wasu mutane da ke tallar aksul na baya, wato dogon ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya, a Facebook da WhatsApp, suna cewa ɗan Beljiyam ne, yanzu aka sauke shi daga kwantena. Sun cuce ni kuɗi da kaya, sun kuma kusa jawo mini asarar rayuka. Zan faɗi yadda abin ya faru dalla-dalla, domin salon nasu ya bambanta da damfarar da muka saba ji.

Sana'ata haƙa rijiyar burtsatse. Motata Mercedes 608D ce ƙirar 1984, cikin irin waɗanda aka ƙera a Dusaldof ta Jamus daga 1967 zuwa 1986, mai injin dizal OM 314 silinda huɗu. Wanda ya fara mallakarta a can ya mayar da ita gida: gado biyu, wurin girki, tankin ruwa, har da ɗan banɗaki. Ta Kwatano ta shigo, ni kuma na saye ta saboda aikinmu na daji ne, mukan yi mako biyu a ƙauyen da babu masauki, ni da yaran aikina a cikinta muke kwana. Injinta ba ya gudu, amma ba ya gajiya. Inda take ba ni wahala shi ne kayan gyara, don an kusa shekara 40 da daina ƙera irinta.

Muna hanyar Damaturu, tsakanin Azare da Potiskum, ƙugin da na kwana biyu ina ji daga baya ya rikiɗe ya zama ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sai ƙas! Injin na aiki, farfela, sandar da ke kai juyi zuwa baya, na juyawa, mota ta ƙi motsi. Janwe ce ta dawo da mu Kano.

Ga wanda bai sani ba, a tsakiyar aksul na baya akwai wani kumburi mai kama da tulu, shi ne difarenshal. Farfela tana kawo juyi daga giya, ta miƙa wa wani ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ake kira finiyon, shi kuma ya juya babban faifai mai haƙora, wato kirawun. A cikin kirawun ɗin akwai wasu ƙananan giyoyi da ke raba ƙarfi tsakanin tayar hagu da ta dama. Amfaninsu a kwana yake fitowa: tayar da ke waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo, dole ta fi ta saurin juyawa, su ne ke ba ta wannan dama. Da bakanikena, wani dattijo da muke kira Baba, ya buɗe nawa, sai ga haƙora uku na kirawun sun karye, boris ɗin finiyon, wato zoben da yake juyawa a cikinsa, ya ragargaje. Man giya ne ya tsiyaye ta bakin finiyon a hankali har ƙarafa suka koma cin juna.

Mun zaga kasuwar Ƙofar Ruwa kwana uku ba mu samu daidai nata ba. Ga kwangila na jira, an ba ni wa'adi. A nan ne na rubuta cigiya a wani zauren masu motoci, kuma ko awa biyu ba a yi ba waya ta shigo.

Hausa yake yi tsantsa, da ladabi. "Alhaji, ɗan'uwanka ne ni, a Legas nake da shago. Abin da kake nema ga shi a gabana." Ya turo hotuna da bidiyo: aksul cikakke, baƙin fenti yana sheƙi, an jera shi da wasu a bakin wani shago. Ya san motar sosai, har ya riga ni faɗin cewa tayoyin bayanta bibbiyu ne. Ya sa kuɗi Naira 620,000, muka daidaita a 480,000, da sharaɗin zan ba shi tsohon nawa a matsayin ciko. Kafin alƙalami 250,000, saura idan kaya ya iso. Asusun da ya ba ni ba sunan da ya faɗa mini ne a kai ba. Da na tambaya, ya ce na yaron shagonsa ne.

Ga inda suka bambanta da sauran ƴan damfara: kayan ya iso. Kwana huɗu aka kira ni daga tasha. Ganin ƙarfe a ƙasa ya kashe duk wani zargin da ke raina, na cika kuɗi nan take, wani yaro da ya ce shi wakilinsa ne ya zo da a-kori-kura ya ɗauke tsohon nawa.

Baba ya zagaya aksul ɗin sau biyu, ya ce, "Alhaji, a bar ni in buɗe cikinsa." Sai muka lura an ɗiga jan fenti a kan kowane noti na murfin, har da notin zubar da mai. Na kira mutumin. Ya ce wannan hatimin kamfani ne daga Turai, an riga an zuba mai, garantin wata uku ne, amma duk wanda ya taɓa jan fentin nan garanti ya tashi. Baba ya ce shi a shekarunsa bai taɓa ganin kayan da aka ciro daga matacciyar mota yana da hatimin kamfani ba. Gaskiyarsa ce. Ni wa'adi nake kallo, na ce a ɗaura haka nan. Ya ɗaura ba da son ransa ba.

Ku riƙe wannan da kyau, don duk makircin a kan jan fentin nan ya tsaya. Difarenshal rufaffen abu ne, ba a gane lafiyarsa daga waje. Wanda ya hana ka buɗewa, cinikin biri a sama yake so ku yi.

A cikin gari motar shiru, har na yi murna. Muka ɗauki hanya da kaya da yara huɗu. Kafin gadar Wudil ƙugi ya fara. Muka tsaya, na kai hannu kusa da tulun, zafinsa ba ya taɓuwa. Na ce mu lallaɓa mu juya gida. Ba mu yi nisa ba tayoyin baya suka cije gaba ɗaya, motar ta ja gefe, ta tsaya da ƙafa ɗaya a cikin kwalbati. Allah ne ya tsare, domin a hankali muke tafiya. Da a kan gudu ne, da tirela a bayanmu, da yanzu wani labarin ake ba ku.

Abin da Baba ya tarar da ya buɗe, har yau in na tuna raina na ɓaci. Abin da ke ciki ba man giya ba ne, giris ne mai kauri aka dama da baƙin mai da garin katako. Tsohuwar dabara ce ta mayaudara: cakuɗin yana cike giɓin da ke tsakanin haƙoran da suka cinye, ya danne ƙara na ɗan lokaci, daga nan ya toshe hanyar da mai ke bi zuwa boris, boris ya ƙone. Irin wannan aksul mai na musamman yake sha, mai lamba GL-5, saboda haƙoransa ba tura juna kawai suke yi ba, suna gogar juna da ƙarfi. Sannan kirawun da finiyon ɗin ba ƴan gida ɗaya ba ne. A masana'anta tare ake wasa su har su saba da juna, a buga musu lamba iri ɗaya, shi ya sa ba a sayar da ɗaya ban da ɗaya. Na cikin wannan lambobinsu daban-daban, daga motoci biyu aka tsinto su aka haɗa. Giɓin da ya kamata ya kasance tsakanin haƙoransu bai kai rabin milimita ba, da agogon awo ake saita shi. Wannan kuwa da hannu kana jin yana ƙwal-ƙwal. Fentin waje kyan ɗan maciji ne.

Na kira shi. Bai kashe waya ba, bai yi faɗa ba, har salati ya yi. Ya ce yaransa ne suka yi kuskuren lodi, nawa na gaske yana nan a shago, in turo 70,000 kuɗin mota a kawo mini, in ya iso sai a karɓi wancan. Na ce a cire daga kuɗina da ke hannunsa, ko a dawo mini da tsohon aksul ɗina. Daga wannan rana lambar ba ta sake shiga ba, shafin ma ya ɓace. Wani abokina da ke Legas ya je adireshin da ke jikin rasiɗin. Shagon yana nan, amma mai shi bai san mutumin ba, bai taɓa jin sunansa ba. Tsayawa kawai aka yi a bakin shagon bawan Allah aka ɗauki bidiyon kayansa.

Da na ba da labarin a zauren, mutum biyu suka biyo ni ta gefe. Ɗaya mai motar ɗaukar ruwan leda ne. Shi nasa da aka buɗe, ƙananan giyoyin ciki aka tarar an yi musu walda sun zama dunƙule guda, don a ɓoye karyewarsu. Mota mai irin wannan tana tafiya lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, amma a kwana tayoyi na kuka suna jan ƙasa, kuma da kaya a kai ba a daɗewa sandar da ke juya taya take karyewa. Shi ma an karɓi tsohon nasa. A nan na gane dalilin da suke nacewa a kan ciko: mataccen da suka karɓa a hannunka shi ne jarin da za su wanke, su cusa wa garin katako, su fesa wa fenti, su sayar wa na gaba. Wanda aka kawo mini ma na wani ne da aka cuta kafin ni.

To, ga abin da Baba ya nuna mini, wanda da na saurare shi tun farko da ban kai ga haka ba. Kafin kuɗi su fita, a kwance notin zubar da mai a gabanka. A tara man a farin mazubi, a murza shi a yatsa. A duba mayen ƙarfen da ke jikin notin: laushin gari kaɗan ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai kama da yankan farce alamar mutuwa ce. A buɗe ciki a bi haƙoran kirawun ɗaya bayan ɗaya da tocila, a nemo lambarsa a gwada da ta finiyon. A ɗaga aksul ɗin a juya ɓangare ɗaya da hannu: a irin namu, in wannan ya juya gaba, ɗaya ɓangaren da baya zai juya. In suka tafi gaba tare kamar sanda guda, a binciki walda. A kama bakin finiyon a girgiza, bai kamata ya yi wasa sama da ƙasa ba.

Sai lissafin haƙora, wanda mutane da yawa ke mantawa. Motoci iri ɗaya ba lallai aksul ɗinsu ya zama ɗaya ba, akwai na gudu, akwai na jan kaya. A ƙirga haƙoran kirawun a raba da na finiyon. A misali, 41 da 10 ya ba da 4.1, amma 41 da 8 ya haura 5. Ka ɗaura na biyun a gurbin na farko, injin zai riƙa kururuwa mota ba ta sauri, mai na ƙonewa a banza. Ka yi akasin haka, ta kasa hawa tudu da kaya. Ko ba a buɗe ba ana iya ganewa: a riƙe taya ɗaya, a juya ɗayar sau biyu cif, a ƙirga sau nawa bakin farfela ya zagaya. Wannan adadin shi ne lissafin. A kuma auna faɗin aksul da mazaunin sifirin, wato ƙarafan da ke rage wa mota girgiza, da tef, a gwada da tsohon. Shi ya sa tsohon naka bai kamata ya bar gareji ba sai sabon ya hau mota ya yi tafiya.

In kayan a wani gari yake, kuɗin motar bakanikenka zuwa can ya fi sauƙi a kan abin da na rasa. In hakan ba zai yiwu ba, a samu wanda ka sani da ƙafarsa a garin, ya shiga shagon, ya ga mai shi ido da ido, a buɗe a gabansa kuna kallo ta bidiyo kai tsaye. Kuɗi kuma kada su shiga asusun da sunansa ya saɓa da na mai shago, ko da wane irin rantsuwa aka yi maka.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, ya garzaya bankinsa a ranar, ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya adana rasiɗin tura kuɗi da hotuna da saƙonnin murya, ya kai wa ƴan sanda ko EFCC. Dokar 2006 ta yaƙi da damfara ta shafi irin wannan karɓar kuɗi da yaudara. Ni na kai nawa, ana kan bincike. Kunya ce ke sa mutane yin shiru, shirun kuma shi ke ba su damar canza lamba su dawo da sabon suna.

Motar ta tashi daga baya. A kasuwar Panteka ta Kaduna muka samu wata 608 da injinta ya mutu, aka ciro aksul ɗinta Baba na tsaye, ya buɗe, ya shafa wa haƙoran shuɗin alli ya juya ya ga inda suke haɗuwa, ya sa sababbin boris da robar tare mai, aka zuba man da ya dace. Kwangilar Damaturu kuwa ta riga ta wuce ni.

Tsohon aksul ɗina yana hannunsu, kuma na tabbata za a kai wa wani. Yana da alama: a mazaunin sifirin na hagu akwai tsohuwar walda mai tsawon yatsa, sannan an taɓa sauya noti biyu na murfin da waɗanda kansu ya fi na sauran girma. Fenti ba zai ɓoye su ba. Duk wanda aka kawo wa mai wannan alama kada ya biya, haƙora uku na kirawun ɗinsa a karye suke.