Basjoo ko sikkimensis: wacce za ta kai bazara?

Ɗan'uwa, ka ce inda kake ƙanƙara na sauka duk hunturu, kana tambayar wacce za ka dasa a lambu tsakanin irin ayaba biyu, Musa basjoo da Musa sikkimensis. In wadda za ta yi hunturu a waje ta sake tohowa kake nema, basjoo ce, ba sai an yi dogon turanci ba.

A sama dai duk ɗaya suke. Daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, da safe za ka tarar ganyen ya yi baƙi ya langaɓe. Kututturen ma ba itace ba ne, kuben ganye ne da suka nannaɗe juna, cike da ruwa, shi ya sa in sanyi ya kai wajen digiri 5 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius ya ɗan jima, sai ya yi laushi ya zube. Inda suka rabu shi ne gindin da ke cikin ƙasa.

Basjoo, wadda ake ce wa ayabar Japan ko da yake asalinta daga Sin ne, gindinta na da taurin rai. In ka lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa mai kauri, yana iya tsallake digiri 15 ƙasa da sifili. Ko kututturen ya mutu ƙurmus, 'ya'ya za su ɓullo daga gefe, su yi mita biyu kafin sanyi ya dawo.

Sikkimensis kuwa daga gindin duwatsun Himalaya take, wajen Sikkim da Darjilin da Butan, har tsawon mita 2,000. Jin haka sai mutum ya ɗauka ita ce gwanar sanyi. Ina! Hunturun can busasshe ne, ita kuma ba abin da ke kashe ta kamar sanyi haɗe da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gindin sai ya ruɓe tun kafin ka ankara, kana nan kana jiran toho. Amma a ido ta fi basjoo nesa ba kusa ba: bayan sabon ganyenta ja-ja ne, nau'in Red Tiger har da zane-zane, kuma ganyen ya fi kauri, iska ba ta yayyaga shi sosai. Na basjoo, in iska ta kaɗa kwana biyu, tsumma yake komawa.

In zuciyarka na kan sikkimensis, dasa ta jikin bango mai samun rana, a kan tudu, ka gauraya ƙasar da tsakuwa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kafin sanyi ya kankama ka sare ganyen, ka kewaye kututturen da ragar waya, ka cusa busasshiyar ciyawa, sannan ka rufe saman kaɗai don kada ruwan sama ya shiga. Kada ka naɗe shi da leda, gumi zai ruɓar da shi. Basjoo ma haka za ka yi mata in kana son ta yi tsayi ta yi fure, don sai kututture ya yi shekara biyu ko uku a tsaye. 'Ya'yan da furen ke bayarwa dai ba na ci ba ne a duka biyun, ƙwallaye ne cike da su.