Roma ko Alƙahira? Mama, ki ɗauki Alƙahira

Mama, tunda guzurin na tafiya ɗaya ne, ki ajiye maganar Roma tukuna, ki nufi gidan tarihin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da ke tsohuwar Alƙahira.

Metro zai sauke ki a tashar Mar Girgis, kina fitowa ga ƙofar nan. Marcus Simaika ne ya kafa gidan a 1908, cikin tsohuwar ganuwar Romawa. Ba mai hanzarta ki, ga shi kina fama da gwiwa. Abin da ya riƙe ni shi ne wata Zabura, rubutun hannu a kan fata, bangonta na katako. A 1984 aka tono ta daga wani kabari kusa da Beni Suef, an yi wa wata yarinya matashin kai da ita. Na daɗe a gaban gilashin har mai gadi ya zo yana tambayata ko lafiya. Tsoffin littattafan addini na garin Nag Hammadi da manoma suka tsinta cikin tulu a 1945 su ma suna can, ga saƙe-saƙe da zanen waliyyai masu manyan idanu. Da ƙafa za ki shiga cocin Mu'allaƙa da na Abu Serga, inda Kibɗawa ke cewa Maryamu da Yusufu sun fake da Yesu. Idan da maƙwabciyarki Hajiya za ku, masallacin Amru ɗan Asi na nan kusa, kowa ya samu nasa.

Gidan tarihin fadar Paparoma a Roma kuwa, rufin cocin Sistina da Michelangelo ya zana daga 1508 zuwa 1512 ya haɗu, ban musa ba. Amma sai kin sha wahalar bizar Italiya, sannan cunkoso ya fi na ranar Uhola a Zuru, ana ta kora ku gaba, hoto ma an hana.

Ki yi hattara da masu tare mutane a hanya da "tsohuwar takardar Fir'auna". Sau da yawa ganyen ayaba ne aka shafa wa fenti. Wanda kuma ya ce zai sayar miki da gicciye na ainihi daga kabari, ko dai ƙarya yake, ko zai jefa ki hannun kwastan, don dokar Masar ta hana fita da kayan tarihi. Tikitin shiga gidan tarihin kuma kada ki saya a hannun kowa sai masu gidan.