Kafin ka sayi takin dabbobi, tambayi me dabbar ta ci

Da yawanmu da an ce takin gargajiya sai hankali ya kwanta, wai ai babu kemikal. To abin da aka zuba wa dabba a abinci ko ruwa wani kaso a kashi yake fitowa, kai kuma ka kwasa ka kai gonarka.

Kashin kajin gidan gona ya fi ƙarfi, shuka na tashi da shi da wuri, amma shi ya fi buƙatar lura, don ana sa jan ƙarfe da zink a abincinsu, ga antibayotik irin su oksitetrasaikilin a ruwan sha, kuma jikin kaza ba ya cinye maganin duka, da yawansa haka yake fita. Har maganin roxarsone mai gubar asenik an daɗe ana ba kaji a Amurka, sai 2011 aka dakatar da sayar da shi. Tarayyar Turai tun 2006 ta hana ba dabbobi antibayotik don kawai su yi saurin girma, amma ba ko'ina ke da wannan dokar ba. Na manyan gidajen aladu ma haka, jan ƙarfe da zink ɗinsa kan yi yawa.

Na shanu da awaki masu kiwo a fili bai kai na kaji ƙarfi ba, kuma yana zuwa da irin ciyawa, amma ni shi na fi yarda da shi in kayan lambu zan yi.

Sai batun ɗanye da ruɓaɓɓe. Tarin da ya ɗau zafi ya kai digiri 55 na kwanaki ana juya shi yana kashe ƙwayoyin cuta ya kuma rage magunguna sosai, ko da yake antibayotik irin su enirofuloksasin suna da taurin kai. Amma fa ƙarfe irin su jan ƙarfe da zink ba ya ruɓewa, tarin ne zai ragu shi yana nan, kenan ƙarfen da ke cikin kowane buhu ya ƙara yawa, kuma shekara bayan shekara taruwa yake a ƙasa, in ƙasar mai tsami ce ganyayyaki sun fi saurin zuƙar kadmiyom, wani ƙarfe mai guba.

Wanda aka gauraya da sharar juji kam kar ka saya ko da kyauta ne, tsofaffin batura da dalma na ciki.

In za ka sayi mai yawa ka tambayi daga wane gida ya fito, wata nawa ya yi a tare, ka kai samfur ɗakin gwaji a duba ƙarafan kafin ka biya.