Family Chronicle na gwanjo: ruwa ya cinye mini ƙarshen labarin

Mai littattafan gwanjon ya rantse mini cewa tsaf yake, "ko ɗigon biro babu, Yallaɓai." Hoton bango kawai ya turo, ni kuma na tura kuɗi har da na mota. Bayan kwana huɗu na je tasha na karɓo shi a baƙar leda. Fassarar Turanci ce ta littafin Vasco Pratolini, mutumin Florence, wanda ya fito da Italiyanci a 1947. Siriri ne, takardar ta yi ja, tana warin danshi. Ban damu ba, ai na san gwanjo na saya.

A daren na fara, kuma wallahi sai da na manta da abin da na biya. Pratolini da ƙaninsa da ya rasu yake zance, "kai" yake ce masa tun daga farko. Mahaifiyarsu ta rasu a 1918, 'yan makonni da haihuwar ƙanin, uban kuma yana soja. Sai babban baran gidan wani attajiri ya ɗauki jaririn riƙo, ya sauya masa suna daga Dante zuwa Ferruccio, wai na farkon bai dace da gidan ba. Shi kuwa yayan ya tashi a hannun kaka cikin babu. Kakar takan ja hannunsa su je ganin yaron, su zauna a takure kamar masu roƙo, ba damar ko ambaton uwarsu. Duk wanda aka taɓa ɗauke masa ɗan'uwa aka kai gidan masu hali ya san wannan zaman. Ni na san shi, nawa ƙanin ma riƙon kawunmu ne.

Wanda ke neman siyasa zalla kada ya sa rai da yawa. Zamanin Mussolini ne, mai mulkin kama-karya na Italiya, amma a cikin rashin aiki da yunwar yaƙi za ka gan shi, musamman bayan daula ta ƙare wa Ferruccio, ya fito duniya ba sana'ar fari balle ta baƙi.

Har na ƙudurta zan yaba wa mai sayarwar. Sai na iso wurin da labarin ya kai asibiti a birnin Rum, Ferruccio kwance, yana kwaɗayin jam ɗin lemo irin na yarintarsa, yayan ya bazama gari nema a lokacin da ko burodi sai da ƙyar. Na kai yatsa zan juya shafi, ya ƙi. Ganye bakwai sun manne wuri guda kamar kwali, ruwa ya taɓa jiƙa su suka bushe a haka. Ƙarfe ɗayan dare na dafa ruwa na kara su a tururi, na bi da reza a hankali. Biyu suka rabu. Sauran da na ja sai rubutun wannan shafi ya biyo wancan, ya bar fari fat a tsakiya. Na zauna riƙe da reza, hawaye na zuba, ban san na Ferruccio ba ne ko na takaici.

Da safe na tura masa hotuna. Amsarsa: "Oga, ai gwanjo ne." To wa ya ce sabo ne? Tsufa daban, lalacewa daban, kuma kai ka ce tsaf yake. Wanda ya ɗaga littafin nan sau ɗaya zai ji taurin wurin a hannunsa. Na nemi ko rabin kuɗina, ya karanta ya yi shiru, yau kwana tara.

Littafin kam ku neme shi, amma ku sa a yi muku bidiyo ana buɗe shi ganye-ganye kafin ku tura ko sisi. Kuma don Allah, wanda yake da cikakke ya ɗauko mini hoton shafukan ƙarshe. Na san Ferruccio ya rasu a 1945, abin da suka ce wa juna kafin nan nake son karantawa.